Goyon Bakwaini

Shekara ashirin da biyu na yi ina karɓar haihuwa kafin a ɗauke ni aikin zaman kujera. Wata ƙungiya ce ta ƙasa da ƙasa mai kula da lafiyar jarirai da ƙananan yara ta buɗe ofis a Jos, suna neman ungozoma 'yar gari mai jin Turanci da Hausa. Na je, suka ɗauke ni, suka rataya mini kati a wuya. Aikina, wai, in zauna cikin kwamitin da ke karɓar ƙa'idojin da aka rubuto daga hedkwatarsu a Turai, a daidaita su da mutanenmu. Tun makon farko na gane abin da ake nufi da daidaitawa: su yi magana, ni in gyaɗa kai, a rubuta cewa an tuntuɓi 'yar ƙasa.

A shekarar da nake ba da labari, ƙa'idar da ke gabanmu ta bakwaini ce, jaririn da ya zo kafin lokacinsa. Kuma ba a takarda kaɗai abin ya shafe ni ba. Ɗiyar wana marigayi, wadda ta tashi a hannuna tun tana 'yar shekara shida, tana aure a unguwar Congo-Russia, nan cikin Jos, mijinta tela ne. Haihuwarta ta fari bakwaini ce, namiji, ya kwana huɗu ya koma. Sanyi ne ya kama shi, ba komai ba. Yanzu ga ta da wani cikin na wata uku, likita kuma ya riga ya gaya mana bakin mahaifarta ba ya riƙo, mu zauna da shiri, wannan ma zai iya zuwa da wuri. To duk abin da ake faɗa a ɗakin taron nan, ni cikin 'yata nake gani.

Abin da ƙa'idar ta ce gaskiya ne, ba ni da ja. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Kwalbar da ake sa su a asibiti ba ta isa, in ma ta isa wuta ba ta zama. To sai a tuɓe shi, daga shi sai hula da nafkin, a kwantar da shi a ƙirjin uwa tsakanin nonuwanta, fatarsa a kan fatarta, a ɗaure su tare da zane, ta sa riga a sama. Ɗuminta ya zama nasa. Tana ganin fuskarsa, tana jin numfashinsa, ga nono a kusa. Turawa sun sa wa abin sunan wata dabba ta can wata uwa duniya mai ɗaukar ɗanta a aljihun ciki, wai kangaru. Na yi shi da hannuna a ɗakin haihuwa, na ga yaran da aka fid da rai da su sun yi kumatu. A Jos kuwa, garin da ruwan randa ke kashe haƙori da safe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya rage mana shi ne a mai da shi Hausa, a takarda guda mai ninki biyu da za a riƙa ba uwaye. Kwana biyar muka yi a otal a kan takardar nan. Kwana biyar! Da shayi ƙarfe goma, da shinkafa da kaza ƙarfe ɗaya, da wani shayin ƙarfe huɗu, kowa da sabuwar jaka an buga mata hoton jariri. Rana ta farko ta ƙare a gabatar da kai, kowa ya tashi ya faɗi digirinsa da abin da yake fata daga taron, a rubuta a 'yar takarda mai launi a manna a bango. Rana ta biyu ta tafi a kan tambarin wa zai zo sama, na wa zai zo ƙasa, har wani ya yi fushi ya fita aka bi shi da ban baki. Mun kusa mu ashirin a ɗakin, in ka cire ni da wata likita Baturiya da ta zo daga hedkwata, ban jin akwai wanda ya taɓa riƙe bakwaini a tafin hannunsa.

Shugaban zaman wani Farfesa ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, daga Abuja aka ɗauko shi. Babbar riga mai aiki har gwiwa, turare kamar an yi ɓari, waya uku a kan tebur. Turancinsa ta hanci yake fitowa, in kuma ya juya Hausa sai ya yi ta kamar yana yi mata alfarma. Rabonsa da ɗakin marasa lafiya Allah kaɗai ya sani. Sai ogan ofishinmu, Bayarabe haifaffen Jos, mutumin kirki wajen gaisuwa, wanda ba abin da ke gabansa sai ranar ƙaddamarwa da aka riga aka sa, aka kuma gayyaci manya.

Rana ta uku aka zo kan suna. Kowa ya yarda ba za a je a ce wa matar Congo-Russia kangaru ba. Farfesa ya cire tabarau, ya lumshe ido, ɗaki ya yi tsit ana jiransa. Can ya ce, "Goyo. Ai muna da abin nan tun kaka da kakanni. Goyo!"

Ɗaki ya ɗauki tafi. Wallahi tafi suka yi. Baturiya ta rubuta kalmar a littafinta tana maimaita ta a hankali, har da 'yar ƙwalla, wai ashe al'adarmu ta riga kimiyya.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, goyo a baya ake yinsa."

Ya mai da tabarau ya dube ni ta samansa. "Hajiya, goyo ai goyo ne."

Na ce, "A yi mini haƙuri, ba haka ba ne. Ka ce wa kowace mace daga nan har Farin Gada ta goya ɗanta, duƙawa za ta yi ta wurga shi baya ta ja majanyi. Ba wadda za ta sa shi a gaba. A rubuta, a rungume shi a ƙirji, tsakanin nonuwa, fata da fata."

Kai, sai ka ce na yi tusa a masallaci. Farfesa ya ce subhanallahi, takardar da za ta shiga gidajen mutunci, maigida ya ɗauka ya karanta, a sa mata nonuwa? Fata da fata kuma, wai sai ka ce a majema muke. Wani ya ce to a sa jiki da jiki, wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa, aka gane inda tunaninsa ya tafi, aka soke. Ƙirji ma sai da ya bi nonuwa, wai kusa suke. Hoton da ya zo daga hedkwata, na mace da jariri a ƙirjinta, shi ma Farfesa ya ce a cire, matanmu masu kunya ne. Matanmu! Matan da ke shayar da 'ya'yansu a cikin keke napep, a bakin kasuwa, a layin awo, ba wanda ke ɗaga ido ya kalle su. Kunyar tasa ce, ba tasu ba. Aka maye gurbin hoton da fuskar wata uwa tana murmushi, ga kan jariri a gefe, ba ka sanin ta ina yake rataye.

Oga ya shiga tsakani da Hausarsa ta Jos, wadda ba ni da abin cewa a kanta, da ita rabin garin nan ke ciniki. Ya ce, "Mama, ka yi haƙuri. Wannan kalma kowa ya san shi. Ni ma mamana ya goya ni. In mun sa dogon magana ba zai shiga takarda ba, kuma lokaci yana tafiya."

Na ce, "Oga, a ina ta goya ka?"

Ya yi dariya, ya kai hannu ya shafa bayansa. Bai ma lura da abin da hannun ya yi ba.

Baturiya dai ta ga ana ja-in-ja, ta ce akwai hanyar raba gardama da suke bi a duk ƙasashe. A ba wanda bai ga Turancin ba Hausar, ya mai da ita Turanci, a gwada da na asali. Aka aika wa wani malamin jami'a, washegari fassarar ta dawo. Malamin ya fassara goyo da kalmar Turancin nan mai nufin ɗauka, wadda ba ruwanta da gaba ko baya, da ita ake ɗaukar jaka, da ita ake ɗaukar buhu. Kalmar kuwa tana nan cikin na asali. Aka haska biyun a bango, aka ga sun yi daidai. Baturiya ta juyo ta yi mini murmushin nan na rarrashin yaro, ta ce to ga shi an tabbatar. Ka ji fa. An tambayi Turanci ma'anar Hausa, Turanci ya ba da amsa, mu masu harshen muna zaune muna shan shayi.

Da yammar ranar aka ce za a gwada takardar a fili, wato a kan su kansu matan. Aka kwashe mu a mota mai sanyi zuwa Vom, inda aka tara mata a ƙarƙashin rumfa. Ina sauka na ga na san rabinsu. Ma'aikatan jinya ne da ungozomomi, wasu ma ni na koya musu aikin. Aka karanta musu takardar, aka miƙa musu 'yar tsana aka ce su nuna. Kowace ta ɗora a ƙirji mana, ai sun san amsar tun kafin a yi tambayar. Aka rubuta cewa duk sun fahimta, 'yan kwamiti suka sayi madara da kindirmo na tsaraba, muka juyo.

Nan ne ya kamata in kafe, kuma ban kafe ba. Rana ta ƙarshe aka zagayo da takardar amincewa, kowane ɗan kwamiti ya sa hannu. Kafin ta iso gare ni oga ya ja ni gefe wajen teburin shayi. Ya ce hedkwata za ta yi babban taro a Turai a watan takwas, suna son a zo da ungozoma guda daga fili ta yi jawabi, kuma Baturiya ta ambace ni. Ya ce amma fa sun fi son mai tafiya tare da jama'a. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ni da ban taɓa hawa jirgi ba sai na aikin Hajji. Na koma kujerata, takarda ta zo, na karanta layin nan sau ɗaya: A goya jariri bakwaini, ya manne da jikin uwarsa dare da rana. Na ce a raina ai za a yi wa ma'aikata horo, ai za su nuna wa mata da hannu, ai wa ma ke karanta takarda. Na sa hannu. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ni tun ban ci ba na ɗauki aska.

Horon ba a yi shi ba. An ɗaga shi zuwa bayan damina, saboda Farfesan da zai buɗe shi ya tafi wata ƙasa wani taron. Amma ƙaddamarwa, ina! Ita ba a ɗaga ta ba. An yi ta da rumfuna da makaɗa da yankan ƙyalle, aka raba takardun katan-katan zuwa kowane ƙaramin asibitin unguwa, ba wanda aka koya wa komai.

Za a ce me ya hana ni in je Congo-Russia in nuna wa 'yata da kaina. Na je, sau biyu ma. Amma mu ba ma zama mu tsara abin da bai zo duniya ba, balle da wadda ta taɓa rasa ɗaya. Zuwan farko na tarar da ita tana tsinke zare a kayan da mijin ya ɗinka, tana ba ni labarin wata mai kawo ɗinki tana dariya, na kasa buɗe maganar. Na biyu, ana jibi zan tashi, na ce mata, "In abu ya taso kafin in dawo, ku wuce babban asibiti, kada ku tsaya ko'ina." Ta ce, "Haba Gwaggo, kwana tara ne fa kawai." Lissafina ya ce ko da wuri zai zo, sai na dawo. Ungozomar shekara ashirin da biyu, ta zauna ta yi wa bakwaini lissafi.

Taron Turai ba abin da zan ce da shi sai tir. Mutane daga ƙasashe barkatai, kowa ya hau ya maimaita abin da na gabansa ya faɗa, a tafa masa, a fita cin biskit. Aka ba ni minti bakwai. Na sa leshina mai kyau, na kafa ɗauri, na hau na karanta abin da oga ya rubuta mini. A bango bayana an haska GOYO da manyan baƙaƙe. Na ce musu mun samo kalma daga cikin al'adarmu. Suka miƙe tsaye suna tafi, wata tsohuwa ta rungume ni tana kuka. Ni kuma, Allah ya gani, na ji daɗi har cikin raina. Layin wayata ba ya aiki a can, na ce ba komai, kwana nawa ne.

Sai da jirgi ya sauka Abuja na kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa. Ta haihu kwana biyar da suka wuce, mace. Naƙuda ta zo mata ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba su kai babban asibiti ba, a ƙaramin na unguwa ta sauka. Jaririya ta yi kuka, ta kama nono kaɗan-kaɗan, gado kuma babu, kwana biyu aka sallame su. Saƙon ƙarshe daga mijin ne. Ya ce Gwaggo kada ki damu, an ba mu takardarku, tana bin ta sau da ƙafa.

Ban san yadda na iso Jos ba. Ban biya gidana a Daɗin Kowa ba, da akwatina na sauka a bakin layinsu wajen la'asar. Ana yayyafi, ga sanyin watan takwas ɗin nan mai shiga ƙashi, lokacin da wanki ke kwana uku a igiya bai bushe ba.

Na tarar da ita tsaye a tsakar ɗaki, ta dafa bango, ta ɗan duƙa. Rigar atamfa a jikinta, ga rigar sanyi mai kauri a kai. A kan wannan duka, a bayanta, an ja majanyi an ɗaure wani ɗan ƙulli da bai fi mudun gero ba. Ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙasa, ɗaya ba safa. Idanun 'yata sun zurma. Kwana uku ba ta sa bayanta a katifa ba, in barci ya ci ƙarfinta sai ta durƙusa ta kifa kai a bakin gado, saboda takarda ta ce dare da rana.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ke dafa mata ruwan wanka, tana zaune a bakin ƙofa. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ta ce, "Yawwa Hajiya, gara da Allah ya kawo ki. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin an goya ɗan kwana biyar ba, ko cibiya ba ta faɗi ba. Na ce ta sa ta cikin riga ta rungume, ta ce mini wai ilimi ya ci gaba."

'Yata ta ce, "Gwaggo, gaya mata don Allah. Ai ku kuka rubuta." Ta nuna mini takardar, ta soke ta a jikin madubi. Ta ce ma'aikaciyar da ta ba ta ta ce su ma ba a koya musu ba tukuna, amma ga shi nan a rubuce da Hausa, ta bi. "Ina ganin tambarin ofishinku hankalina ya kwanta."

Na kwance majanyin. Jaririyar ta zo hannuna ba nauyi, na sa bayan hannu a cikinta, sanyi ƙalau. Leɓenta ya yi duhu, numfashi sai ta ja ta tsaya, ta ja ta tsaya. Na ce yaushe rabonta da nono, aka ce tun hantsi, barci take ta yi, ba a so a tashe ta. Barci! A baya wa zai ga irin barcin da take yi? Na daka wa 'yata tsawa ta tuɓe rigunan nan, na tuɓe jaririyar na manna ta a ƙirjinta, na ɗaure su da zane, na lulluɓa musu bargo. Mijin ya bar keken ɗinki ya fita a guje ya tare keke napep.

A hanya 'yata ta sunkuyar da kai cikin bargon tana kallon fuskar jaririyar. Ta ce a hankali, "Gwaggo, haka ake yi?"

Na ce, "Haka ake yi."

Ta ce, "Amma wannan ai ba goyo ba ne."

Na ce ta riƙe ta da kyau, akwai rami a gaba.

An karɓe mu a babban asibiti. Waɗanda na koya wa aiki suka yi ta kai da kawo, aka samu kwalba, aka sa mata iska, aka sa ruwa da allurai. Washegari ta ɗumama har ta buɗe ido. Ranar suna da safe, ana shawarar a yanka rago ko a dakata, ta koma. Likitan ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini, irin wannan ko an yi komai daidai yana faruwa, ba wanda zai iya rantsuwa cewa sanyi ne. Gaskiya ya faɗa. Ni ma na sha faɗa wa mutane irin wannan gaskiyar, na san amfaninta.

Bayan sadakar uku na koma ofis, na rubuta komai na kai wa oga. Mutumin ya yi jimami na gaskiya, ya ce zai je gaisuwa, ya kuma je. Aka kira taro ta kwamfuta, Farfesa daga Abuja, Baturiya daga can. Baturiya ta rufe baki da hannu ta ce abin takaici ne ƙwarai, sannan ta tambaya ko akwai wasu irinsa da aka rubuta, don labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne a wurin masu bita. Farfesa ya yi mini ta'aziyya da dogon Larabci, ya gyara zama, ya ce asalin matsalar ƙarancin wayewar uwaye ne, dole a ƙara wayar musu da kai. Yarinyar da ta karanta Hausarsa ta bi ta harafi da harafi, ita ce marar wayewa. Allah wadai. Aka amince za a duba kalmar a bita ta gaba, aka kuma gode mini da na kawo darasi daga fili. Na ce ba bita nake nema ba, a janye takardun yau ɗin nan. Oga ya sassauta murya ya ce, "Mama, ka tuna fa kai ma ka sa hannu."

Na sayi jan biro, na bi ƙananan asibitocin da ƙafata ta iya kaiwa, Congo-Russia, Nasarawa, Gangare, Unguwar Rogo, ina soke goyo ina rubuta a rungume a ƙirji a kan kowace takarda, ina nuna wa ma'aikata da 'yar tsana. Ihu bayan hari. Katan ɗin da suka tafi ƙauyuka ban san inda suke ba, ban jin akwai wanda ya sani.

Duk wannan yawon ya fi mini sauƙi a kan zama da 'yata mu biyu. Ina zuwa cikin jama'a in fita cikin jama'a. Sai da ta yi arba'in na je na same ta ita kaɗai, mijin yana shago. Ta kawo mini ruwa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Muka yi maganar ruwan sama da tsadar gawayi. Can ta ce, "Gwaggo, zan tambaye ki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Tsohuwar nan tana cewa taurin kaina ne ya jawo. Ni ce ban gane karatun ba?"

Ga maganar likita a bakina, a shirye, ba kuma ƙarya ba ce. Na haɗiye ta. Na ce, "Kin karanta daidai. Abin da aka rubuta shi kika yi."

"To su waɗanda suka rubuta, duk cikinsu ba wanda ya san goyo a baya ake yi?"

"Akwai wadda ta sani."

"Ba ta faɗa musu ba?"

Na ce mata ta faɗa musu, kuma ni ce ita. Na gaya mata sauran, da jan da oga ya yi mini gefe, da taron Turai, da sa hannun, ban rage komai ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta tashi ta ɗauko mayafina daga kan gado, ta miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi. Sannan ta kira ni da sunan da marasa lafiya ke kiranmu a asibiti. Ta ce, "Na gode, Sista. A gai da gida."

Shekara huɗu ke nan. Duk sallah tana zuwa Daɗin Kowa ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa fashi ba. Bara ta haifi namiji, shi ma da wuri ya zo, ya kuma rayu. Ban ji labarin cikin ba, ban ji na haihuwar ba sai bayan suna, a bakin mijin. Har yau Sista take ce mini.